« Anarchie », « anarchique », « anarchisme » : tarihin kalmar da matsalar fassara ta da Hausa, bisa misalin unguwar Lazare

1. Shimfiɗa

Duk mai karanta jaridun Yamai na Faransanci, ko mai sauraren sanarwar hukumar birni, ya saba da wata sifa da ba ta ɓacewa, watau « anarchique ». Ana liƙa ta ga gine-gine, ga rumfunan bakin hanya, ga tsayawar motocin haya, ga zubar da shara, har ga saran itace a daji. In aka zo mayar da sanarwar cikin Hausa a gidan rediyo, mai fassara ba ya wata-wata, sai ya ce « barkatai », mai saurare kuma ya gane. Matsalar a cikin aji take tasowa, ranar da ɗalibin falsafa ko na tarihi ya ci karo da « anarchisme » a littafi, ya nemi a ba shi ita da Hausa. In muka bi sawun mai fassarar rediyo sai mu ce masa « aƙidar barkatai », mu mayar da mutanen da suka share shekaru suna rubutu kan yadda za a tsara zaman jama'a masu wa'azin hargitsi.

A cikin wannan maƙala za mu bi tarihin kalmar tun daga Girkanci, mu ga ta wace ƙofa ta shigo ƙasar Nijar, da abin da ta baro a hanya. Sa'an nan mu gwada ta a kan wuri guda, unguwar Lazare da ke arewacin Yamai, kafin mu zo ga shawarar da muke bayarwa dangance da fassara.

2. Daga Atina zuwa Paris

Kalmar Girkanci « anarkhia » gaɓa biyu ce : « an- », ɗafa-goshin korewa, da « arkhê », wadda ke nufin farko ko gaba, kuma take nufin mulki. Bahaushe ba zai yi mamakin haɗuwar waɗannan ma'anoni biyu ba, tun da a cikin « shugaba » ma ana jin « gaba ». Mutanen Atina suna kiran kowace shekara da sunan babban mai muƙamin da aka naɗa a cikinta, « arkhôn », kamar yadda namu suke cewa zamanin sarki wane. Shekara ta 404 kafin haihuwar Annabi Isa ita ce suka kira « anarkhia », sabili da ba su yarda da halascin wanda aka naɗa a cikinta ba. Abin lura, a shekarar ce wasu mutum talatin suka riƙe birnin da ƙarfin tsiya, suna kisa da ƙwace. Ke nan tun a wannan tsohon misali kalmar hukunci ce da mai magana ya yanke kan halasci : masu iko suna nan, shi ne bai amince da su ba.

A Faransanci kalmar ta bayyana a ƙarni na 14, cikin fassarar littattafan Aristote da Nicole Oresme ya yi wa sarki Charles V. Ta daɗe tana zaman kalmar malamai. Juyin juya halin 1789 ne ya fito da ita kasuwa, tare da ƴarta « anarchiste », wadda ta zama zagi : da ita ƴan Gironde suke jifan abokan hamayyarsu a 1793, kuma a 1797 an wajabta wa ma'aikatan hukuma rantsuwar ƙin sarauta da ƙin « anarchie » baki ɗaya. Har zuwa nan babu wanda ke kiran kansa da sunan.

Pierre-Joseph Proudhon ne ya fara, a 1840, cikin littafinsa « Qu'est-ce que la propriété ? ». Ya ɗauki zagin ya rataya wa kansa, yana mai cewa jama'a na iya samun tsari ta hanyar yarjejeniya tsakanin mutane daidai-wa-daida, ba tare da wani ya hau kansu ba. Bayansa Mikhail Bakunin ya yi jayayya da Karl Marx a cikin ƙungiyar ma'aikata ta duniya ta farko, kan ko ya kamata ma'aikata su karɓi gwamnati su yi aiki da ita, ko su rushe ta. Aka kori Bakunin a taron La Haye na 1872, magoya bayansa suka yi nasu taron a Saint-Imier, a ƙasar Suwis, cikin wannan shekara. Piotr Kropotkin, masanin labarin ƙasa, ya fitar da littafi a 1902 yana nuna cewa taimakon juna, a wajen dabbobi da mutane, ginshiƙin rayuwa ne kamar yadda gasa take. Abin da ya haɗa su duka shi ne ƙin gwamnati a matsayin hukuma mai tilastawa, da neman a maye gurbinta da ƙungiyoyin da mutum ke shiga da yardarsa. Wannan ita ce « anarchisme ».

Sai dai tsakanin 1892 da 1894 wasu masu da'awar aƙidar sun koma ga bam da wuƙa. Auguste Vaillant ya jefa bam cikin majalisar dokokin Faransa a watan Disamba na 1893. Sante Caserio ya kashe shugaban ƙasa Sadi Carnot a Lyon a watan Yuni na 1894. Majalisa ta yi dokoki uku masu tsanani da suka haramta ko da yaɗa aƙidar, har masu ita suka riƙa fakewa da wani suna, « libertaire », wanda Joseph Déjacque ya ƙirƙira tun 1857. Ga mai karatun jarida na wancan lokaci, « anarchiste » mai bam ne kawai. Mu riƙe waɗannan shekaru, domin shekara biyar ne tsakanin kisan Carnot da ratsowar ayarin Voulet da Chanoine ƙasar Arewa da Konni a 1899.

3. Yadda ta shigo ƙasarmu

Hafsoshin da suka ci ƙasar nan da kalmar suka zo a bakinsu, amma da ma'ana ɗaya tak. A cikin rahotannin mulkin mallaka « anarchie » ita ce halin da aka ce an tarar da ƙasa a ciki kafin zuwan Faransa : yaƙe-yaƙe, hare-hare, garuruwa kowane da kansa. Kalmar tana da aiki biyu. Tana halasta cin ƙasar, tun da wanda ya kawo tsari inda babu ya yi alheri. Tana kuma rufe wata wahala ta yau da kullum : kumandan yana bukatar mutum guda da zai kama in haraji bai shigo ba, ko in ba a kawo ƴan aikin tilas ba. A Damagaram ko Gobir akwai wanda za a kama. Inda babu, sai a ce « anarchie », a naɗa sarkin kanto.

Kurfai, ƙasar Filinge, misali ce da ta dace da mu, tun da Hausa ake yi a can. Kurfayawa sun zauna gari-gari a ƙarƙashin dattawan zuri'a da masu kula da tsafin ƙasa, ba su da sarauta guda da ta haɗe su. Faransawa suka ɗora musu Gado Namalaya, mayaƙin da ya mara musu baya, ya zama sarkin ƙasar. A 1925 wata mace mai suna Shibo ta fito da sababbin iskoki, waɗanda aka sani da Hauka ko Babule. Mabiyanta, galibi samari da ƴan mata, suka ƙi haraji, suka ƙi aikin tilas, suka ƙi sarakunan da aka naɗa, wasu suka fita daji suka kafa nasu mazauni. Kumandan Yamai na lokacin, Horace Crocicchia, ya sa aka kamo su aka tsare. Finn Fuglestad, a nazarinsa na 1975, ya karanta wannan motsi a matsayin tawaye ga tsarin da nasara ya kafa. In akwai wani abu a tarihin ƙasar Hausa ta Nijar da ya kusanci ƙin mulki da gangan, to wannan ne. Amma mu dubi iskokin da kansu : gwamna ne, da kumandan, da kyaftin, da kofur, kowane da muƙaminsa, ana faretin soja ana sara wa na gaba. Shi kansa Crocicchia ya shiga cikinsu da sunan Kumandan Mugu, kuma Jean Rouch ya iske wannan jeri na muƙamai yana nan daram a wajen ƴan ci-rani a Akara, inda ya ɗauki fim ɗinsa « Les Maîtres fous » a 1954. Waɗanda suka ƙi sarkin kanto sai ga su sun kwaikwayi bariki.

Masana halayyar al'umma sun ɗan gyara wa kalmar zama. Evans-Pritchard, a littafinsa na 1940 kan ƙabilar Nuer ta ƙasar da yau ake kira Sudan ta Kudu, ya yi amfani da ita tare da sifar « mai tsari », don ya nuna cewa jama'a na iya raba gardama da biyan diyya ba tare da sarki ba. A Faransanci an fi son « acéphale », watau marar kai, kalmar da ita ma ba ta rasa raini ba. Wannan gyara bai fita daga jami'a ba.

Akwai kuma ƙofa ta biyu, wadda ta riga ta Faransa, ita ce ta malamai. A Larabcin zamani hargitsi shi ne « fawdâ », daga nan aka gina « fawdawiyya » don aƙidar, da irin matsalar da muke tattaunawa, har wasu marubutan Larabawa suka koma ga « lâ-sultawiyya », watau babu-iko. Amma kalmar da ta shigo Hausa ita ce « fitina ». A wajen jumhurin malaman Sunna naɗa shugaba wajibi ne, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya nanata haka a cikin « Wathîqat ahl al-Sûdân » da « Bayân wujûb al-hijra » na 1806. Ko matafiya uku, in ji hadisi, su shugabantar da ɗayansu. An taɓa samun masu wani ra'ayi : al-Asamm, Bamu'utazilen Basra, da Najdawa daga cikin Hawarijawa, sun ce in mutane suka tsayar da adalci a tsakaninsu, imami bai zama dole ba, Patricia Crone ta yi nazarinsu a shekara ta 2000, ta kuma kira su da sunan da muke magana a kai. Ra'ayinsu bai shiga karatun zaure ba. Kunnen Bahaushe, ke nan, ya riga ya shirya : daga zaure da daga bariki, abu guda aka gaya masa, cewa inda babu shugaba fitina ce.

Ƙofa ta uku ƙarama ce, ta ƴan boko. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ƙwadago da suka tilasta aka kira babban taron ƙasa na 1991, bayan harbin ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, da harshen Marx da Lenin suka tashi. A wannan harshe ma « anarchiste » zagi ne, gadon rigimar 1872 : shi ne ɗan ƙungiyar da ba ya bin umurnin kwamiti. Hukuma tana jifan masu yajin aiki da kalmar, su kuma suna jifan junansu da ita.

4. Lazare

Sunan unguwar kansa abin nazari ne. « Lazaret » daga Italiyanci « lazzaretto » yake. A 1423 birnin Venise ya keɓe wani tsibiri mai suna Santa Maria di Nazareth don killace masu annoba. Bakin jama'a ya gauraya Nazareth da Lazzaro, waliyyin kutare a wajen Kirista, aka sami sunan da ya bazu a tashoshin jiragen ruwa da ƙasashen mallaka. « Lazaret » wuri ne da hukuma ke ajiye mutum bayan gari, ta hana shi fita sai da izini. Da wuya a sami kalmar da ta fi ta nisa da « anarchie ». Kuma wurin bai rabu da wannan aiki ba : a annobar sanƙarau ta 2015, a cibiyar Lazare aka kwantar da ɗimbin marasa lafiyar Yamai.

A nan ne kuma, lokacin farin 1973 da 1974, aka tara dubban makiyayan da dabbobinsu suka ƙare, akasarinsu Buzaye, da yawa daga ƙasar Mali. Sansani ne, da rajista da layin rabon abinci, a hannun hukuma da ƙungiyoyin agaji. Yadda aka tafiyar da taimakon abinci a wannan yunwa yana cikin hujjojin da sojoji suka bayar da suka kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Bayan an tayar da sansanin, birni ya ci gaba da miƙewa arewa har ya cim ma wurin, aka yanka filaye, aka fitar da tituna, Lazare ta zama unguwa kamar kowace, yau cikin gunduma ta biyu ta Yamai. Tana da mai unguwa, wanda dokar 1993 kan sarautar gargajiya ta sa shi cikin jerin waɗanda hukuma ke aiki da su.

To ina « anarchique » a nan ? Tana faɗawa ne kan abin da ya tsiro a tsakanin layukan da aka zana : bukkar da ke cikin filin da ba a gina ba, rumfar mai shayi a jikin katanga, tulin harawa da dusa a gefen kwalta, ragunan da ke malalowa kan tituna in Layya ta gabato. Mu ɗauke su ɗaya-ɗaya. Mai bukka a filin wani, a mafi yawan lokuta, da sanin mai filin yake zaune. Gadi yake yi masa, yana hana a mayar da wurin juji ko wani ya yi masa shigar sauri, ranar da za a fara gini kuma ya san zai tashi. Yarjejeniya ce, ko da ba a rubuta ba. Mai rumfa ya nemi yardar mai gidan da ya jingina da shi, sau da yawa kuma yana biyan kuɗin tikitin da ake karɓa a wajen masu sana'a.

Kasuwar dabbobi ta Turaku, wadda kunnen Bahaushe ke jin « turke » a cikin sunanta, ita ce ta fi nuna abin. Baƙon da ya shige ta a jajibirin salla ba zai ga komi ba sai ƙura da ihu. Amma babu ragon da ke canza hannu a banza. Mai dabba da ya zo daga nesa yana da mai masauki, wanda ke karɓarsa, ya tsare masa dukiya, ya tsaya masa. Dillali ne ke haɗa ciniki, la'adarsa sananniya ce, kuma shi ne shaida in daga baya aka ce dabbar ta sata ce. Ana bayar da shanu bashi ga mahauta a kan magana kawai, domin wanda ya ci amana sau ɗaya ya gama sana'a a wurin. Kowane ɓangare da babbansa, mai raba gardama kafin ta kai ga ƴan sanda.

Mai karanta Kropotkin zai yi saurin cewa ga taimakon juna nan, ga tsari ba gwamnati. Irin wannan karatu ne Sam Mbah da I. E. Igariwey, ƴan Najeriya, suka yi wa zaman gargajiyar Afirka a littafinsu « African Anarchism » na 1997. A ƙasar Hausa muna ganin sai an yi hattara da shi. Gayya akwai ta, adashi akwai shi, amma adashi yana da uwa, kuma Bahaushe ba ya haɗa mutum goma a kan sana'a bai naɗa musu sarki ba : sarkin fawa, sarkin maƙera, sarkin aski, sarkin makaɗa, har sarkin makafi da na kutare. Waɗannan sarautu ba wasa ba ne, suna da gaisuwa da rabo, wani lokaci da danniya. Abin da ke Turaku shugabanni ne birjik, waɗanda ofis bai rubuta sunan galibinsu ba. Saboda haka « anarchie » ba ta dace da Lazare ba, « anarchisme » ma haka.

Abin da « anarchique » ke nufi a bakin hukuma, in an tace, shi ne « abin da bai biyo ta ofishinmu ba ». Ba muna cewa ƙorafin banza ne ba. Gini a kan magudanar ruwa yana kashe mutane, kuma wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2020 a Yamai ba zai yi gardama ba. Rumfunan da suka toshe hanya suna hana motar kashe gobara wucewa. Amma sifar ba ta bambanta mai rumfar da ya toshe lambatu da wanda bai tare wa kowa hanya ba. Kuma tana da sakamako : ita ce ke gaban katafila, kamar yadda aka gani a rushe-rushen shaguna da rumfuna na 2016, shekaru uku kafin taron ƙolin Tarayyar Afirka da Yamai ta karɓa a watan Yuli na 2019. Ba a cika jin an liƙa ta ga yankan filayen da ya fi ƙarfin ruwa da lantarki ba, ko da yake ita hukuma da kanta, a farkon shekarun 2000, da filaye ta biya ma'aikata bashin albashi. Haka ma da ɗan jaridar Amurka Robert Kaplan ya yi wa Afirka ta Yamma hasashen « anarchy » a 1994, daga tagar mota ya kalli unguwanni irin wannan.

5. Me za mu ce da Hausa ?

Hausa ba ta rasa kalmomin ma'ana ta farko ba. « Barkatai » bayanau ne na kamanni, ido yake bai wa labari : abu a warwatse. Ba ya cewa komi a kan izini. Kaya na iya zama barkatai a cikin ofishin minista, rumfunan da ba su da takarda kuma su jeru reras. « Hargitsi » da « yamutsi » suna ɗauke da motsi da hayaniya, « fitina » tana ɗauke da zunubi. « Rashin doka da oda » daga gidajen rediyon Najeriya ya zo mana, harshen ƴan sanda ne. Wanda ya fi kusa da « anarchie » shi ne « zaman kara zube » : kara ne da aka sare aka bari a ƙasa, babu wanda ya ɗaure shi dami. Hoton ya ƙunshi duka biyun, watsewar da rashin mai ɗaurewa, don haka shi muke ba da shawara a ma'anar siyasa. Akwai kuma « zaman ƴan marina, kowa da inda ya sa gabansa », ko da yake wanda ya san marina ya san kowa a bakin ramin da yake nasa ne ya sa gaban, kuma ba a shiga na wani.

Aƙidar ce ke da wuya, kuma dalilin yana cikin ginin kalmomin siyasarmu. Kusan dukansu a kan sassauƙan tsari guda suke, « mulkin » da abin da ya biyo : mulkin mallaka, mulkin kai, mulkin soja, mulkin farar hula, mulkin kama-karya, mulkin danniya. Tsarin yana tambayar wane ne ke mulki, ko yaya yake yi. Bai bar gurbi ga wanda ya ce kada a yi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce « rashin mulki », amma « rashi » a Hausa ba korewa ce kawai ba. Rashin lafiya, rashin kunya, rashin hankali, har « an yi rashi » : kullum abin da ya kamata a samu ne aka rasa. Wanda ya ce « aƙidar rashin mulki » ya yanke mata hukunci tun bai bayyana ta ba. « Ƙin mulki » ya fi, tun da ƙi aiki ne na mai niyya, sai dai ana iya fahimtarsa da adawa da gwamnatin da ke ci, ko da halin malamin da aka ba sarauta ya ƙi karɓa.

Aro ma ba ya fitar da mu. Ɗan Nijar daga Faransanci zai ara, da « sh » a tsakiya, ɗan Najeriya daga Ingilishi, da « k », mu sami kalma biyu ga abu ɗaya, alhali tun taron Yamai na 1980 ake ƙoƙarin daidaita rubutun ƙasashen biyu. Kuma kalmar aro za ta shigo ne da kayan da « anarchique » ta riga ta ɗora mata.

Akwai wani tsarin korewa a Hausa wanda ba ya zargi, shi ne harɗaɗɗen suna mai farawa da « ba », kamar « ba-zata ». An riga an yi aiki da shi a siyasa : ƙasashen da suka ƙi bin Amurka ko Tarayyar Sobiyat « ƴan ba-ruwanmu » aka kira su, kuma sunan ya zauna. A kan wannan muke ba da shawarar « aƙidar ba-mulki » don « anarchisme », da « ɗan ba-mulki », « ƴar ba-mulki », « ƴan ba-mulki » don masu ita. Mun zaɓi « mulki » a kan « shugabanci » da gangan. Bakunin da kansa ya ce a sha'anin takalmi yana sauraren baduku, a sha'anin gini yana sauraren magini, muddin ba za su tilasta masa ba. Jagora da gwani ba su ne abokan faɗansa ba. Bugu da ƙari, « mulki » da « mallaka » tushensu guda a Larabci, m-l-k, kuma littafin da aka fara ɗaukar sunan a cikinsa a 1840 a kan mallaka yake. Hausa ta adana wannan dangantaka a fili, Faransanci bai yi ba.

Wani zai ce wahalar banza ce a ƙera suna ga aƙidar da ba ta da jam'iyya ko jarida a ƙasar nan. Amsarmu ita ce, ba a koyar da tarihin ƙarni na 19 da na 20 ba tare da ita ba, daga rigimar Marx da Bakunin har yaƙin basasar Spaniya na 1936 zuwa 1939. Kuma tana kusa da mu fiye da yadda ake zato. Ranar 1 ga Mayu da ƙungiyoyin ƙwadagonmu ke fita maci, taron ƴan gurguzu na Paris ne ya tsayar da ita a 1889, a kan sawun yajin neman aikin awa 8 da aka fara a Amurka ranar 1 ga Mayu 1886. Bayan wani bam da ya tashi a dandalin Haymarket na Chicago ranar 4 ga watan, an gurfanar da mutum takwas, aka rataye huɗu ranar 11 ga Nuwamba 1887, gwamnan jihar kuma ya yi wa ukun da suka rage a kurkuku afuwa a 1893, yana mai cewa shari'ar ba ta yi adalci ba. Dukansu ƴan ba-mulki ne. Malamin da zai ba da wannan labari da Hausa, in « barkatai » kaɗai ke hannunsa, ba zai iya faɗin ko su wane ne aka rataye ba.

Game da « anarchique » ta sanarwar hukuma kuwa, shawararmu ga masu fassara ita ce su bar neman kalma guda. Su tambayi abin da ake nufi a kowace jimla, su faɗe shi : « ba da izini ba », ko « a kan hanyar ruwa », ko « inda ya tare hanya », ko « ba a jere ba ». Huɗun nan laifuffuka ne daban-daban, kuma kowane yana da amsarsa. Mai shayin Lazare da aka ce ya kafa rumfa barkatai ba shi da ta cewa. In aka ce masa ba da izini ba ne, zai iya shiga aljihu ya fito da tikitin da ya biya da safe, a tsaya a duba ko tikiti izini ne.